Kafin Ka Saki Birki a Gangaren Shere

Ɗana, 'yata, ku da kuka fara fita da kekuna masu kaurin taya zuwa bayan garin Jos, ku matso mu yi magana. Ina murna da ku har cikin zuciyata. An daɗe a ƙasar nan ana ɗaukar keke abin hawan wanda bai samu kuɗin babur ba, sai ga shi yau matasa suna sammako ranar Asabar, su bi hanyar Lamingo, su sauka daga kwalta, su ratsa itatuwan turare da duwatsu, su zagaya bakin dam, masu ƙarfin cinya ma su nufi Shere. Allah ya ba Filato abin da mutanen wasu ƙasashe suke biyan kuɗin jirgi su je nema: gari a kan tudu mai tsayin kimanin mita 1,200 daga doron teku, iska mai sanyi, falalen dutse, kurmi a bakin rafuka, ga kuma tsaunukan Shere da ƙololuwarsu ta kai mita 1,829. Wanda aka ajiye wa wannan a ƙofar gida bai kamata ya zauna ba.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne raunukan da nake gani suna ta maimaituwa. Wannan kafaɗa a rataye, wancan gwiwar hannu a saɓule, wani haƙoran gaba sun zube, wani kuma ya farka a gida bai san yadda aka kawo shi ba. In ka zauna da su ka ji yadda abin ya faru, kusan labari ɗaya ne, sunaye ne suka bambanta. Ƙarfi suna da shi, zuciya ma har ta yi yawa. Sai dai sun koyi gudu ba su koyi tsayawa ba. A kan kwalta mutum yakan yi shekaru da wannan aibi ba wanda ya sani, har shi kansa. Dutse kuwa ranar farko yake tona asiri.

Waɗanda suka fara wasan keken dutse ma da matsalar birki suka fara cin karo. A shekarun 1970 ne wasu matasa a gundumar Marin ta jihar Kalifoniya a Amurka, cikinsu har da Joe Breeze da Gary Fisher da Charlie Kelly, suka riƙa kwaso tsofaffin kekuna masu nauyi da faɗin taya suna gangarowa da su daga duwatsun yankin tsaunin Tamalpais. A 1976 suka fara tsere a wata hanyar ƙasa kusa da garin Fairfax, wadda tsawonta bai fi kilomita uku da 'yan kai ba, amma tana sauka kusan mita 400. Birkin kekunan nan a cikin cibiyar tayar baya yake, irin wanda ake takawa ta hanyar mayar da feda baya. Kafin mahayi ya kai ƙasa zafi ya ƙone giris ɗin da ke ciki har yana hayaƙi, sai an kwance an sake cusa wani. Dole ta sa suka shiga ɗaura wa kekunansu hannun birkin babur, har Breeze ya ƙera keke musamman don wannan aiki a 1977. Shekara 20 bayan tseren farko, a 1996, wasan ya shiga gasar Olamfik a Atlanta. In ka duba gyare-gyaren da aka yi wa keken dutse daga lokacin zuwa yau, za ka ga kaso mai yawa a kan abu biyu yake: yadda taya za ta riƙe ƙasa, da yadda mahayi zai rage gudu a daidai inda ya ga dama.

To, fara da tambayar da za ka raina: wane hannu ne birkin gaba a kekenka? Yawancin kekunanmu gwanjo ne, daga ƙasashe daban-daban suke zuwa. Na Ingila birkin gaba a hannun dama yake, na Amurka da yawancin ƙasashen Turai kuwa a hagu. Na sha ganin yaro ya ari keken abokinsa a bakin gangare, ya damƙe hannun da ya saba na baya ne a nasa, sai ga shi ya tashi ta saman kan keke ya sauka da fuska. Duk keken da ba naka ba, kafin ka ɗora ƙafa, tura shi a ƙasa ka matsa kowane hannu ka ga tayar da ta tsaya.

Irin wannan faɗuwa ce ta sa da yawa daga cikinku suke gudun birkin gaba, har wasu suna kwance shi gaba ɗaya. Kuskure ne babba, ɗana. Idan keke yana gangarowa, nauyinka da nasa suna komawa kan tayar gaba, ita ce ke danne da ƙasa, don haka mafi yawan ikon tsayar da kai yana wurinta. Tayar baya sauƙi take yi. Da ka matse ta sosai sai ta kulle ta shiga jan ƙasa, kai a ganinka birki kake yi alhali tafiya kake, kuma keken ya daina jin maganarka. Abin da ke wurga mutum shi ne fizgar birkin lokaci ɗaya, jiki kuma a sandare a kan sirdi. Matsa hannayen biyu tare, a hankali kana ƙarawa, kamar mai tatsar saniya, kana tura ƙugu baya kana danna dugadugai ƙasa. In birkinka mai faifai ne mai aiki da mai, yatsa ɗaya ya isa. Sauran huɗun su riƙe kan keke, domin a cikin duwatsu hannun da ya saki riƙo shi ke jawo faɗuwa.

Sanin inda ake taka birki ya fi sanin yadda ake taka shi wuyar koyo. Ana rage gudu kafin a shiga kwana, kafin tsakuwa, kafin saiwa, a wurin da ƙasa take da tauri kuma keke yake a miƙe. Da ka shiga wurin mai wuya sai ka sassauta ka bar taya ta juya, domin tayar da ke juyawa takan haye dutsen da wadda aka riƙe za ta cije a jikinsa. Sabon shiga yakan yi akasin haka, tunda tsoro a hannu yake fara sauka. A gangare mai tsawo kuma kada ka riƙe birki tun daga sama har ƙasa, don zafi yakan taru ya rage masa ƙarfi daidai lokacin da ka fi bukatarsa. Matsa, saki, sake matsawa. In ka tsaya kada ka taɓa faifan, yana ƙona fata.

Bayan hannu sai ido. Keke inda ido ya kalla yake bi. Ka ƙura wa dutsen da kake tsoro ido, a kansa za ka sauka. Ɗaga haɓa ka dubi taku goma ko ashirin a gabanka, ka nemi ratar da kake so ka bi tsakanin duwatsun, abin da ke ƙarƙashin taya kuma ka bar wa hannaye da ƙafafu. A hanyar da ta bi gefen ruwa ka ƙara kula, domin ruwa yana jan ido. In kana son kallon dam da tsuntsayen da ke bakinsa, tsaya ka sauke ƙafa ka kalla har ka ƙoshi. Kafin gangare kuma sauke sirdinka ƙasa, ka tashi tsaye a kan feda, su biyun a daidaita, gwiwoyi da gwiwar hannu a lanƙwashe don su shanye bugun hanya. Fedar da ka bari a ƙasa ita ce za ta doki dutse ta ɗaga ka.

Ƙasar Filato kuwa sai an karanta ta, kuma ba karatun rana ɗaya ba ne. Falalen dutse in ya bushe yana riƙe taya ƙwarai, har za ka yi mamakin tudun da za ka iya haurawa a kansa. Falalen nan dai, in raɓa ta sauka masa da sassafe, ko a inda ruwa ke tsattsafowa har ya bar baƙin zane da gansakuka, ba abin da ya kai shi santsi. In ka ga baƙin zane a jikin dutse, ka ratsa shi a miƙe, ba birki, ba karkata, ko kuwa ka sauka. Da rani abin tsoro shi ne jar tsakuwar nan mai ƙwaya-ƙwaya da ke kwance a kan ƙasa mai tauri: ido yana ganin hanya lafiya lau, amma tsakuwar mirginawa take yi a ƙarƙashin taya, musamman a kwana. Yashin bakin rafi haɗiye tayar gaba yake yi, maganinsa ka koma da nauyinka baya, ka sa giya mai sauƙi, kada ka yi ta murɗa kai. A cikin itatuwan turare busasshen ganye da ɓawon da suke zubarwa sukan rufe saiwoyi da ƙananan duwatsu, ga hasken rana da inuwa suna cakuɗewa su ɓoye rami, ga ido yana bukatar ɗan lokaci kafin ya saba in ka fito daga rana ka shiga duhuwa. Saiwa a tsaye ake tsallake ta. Ka zo mata a karkace, ballantana tana jiƙe, sai ta zame da tayar gaba kafin ka ankara. Manyan duwatsu ba su cika kayar da mutum ba, tunda kowa yana ganinsu yana girmama su. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. A gefen ƙauyuka kuma ka kula da shingen ƙyarana: ban da ƙayarta, farin ruwanta yana ƙona fata, in ya shiga ido kuwa a yi ta wankewa da ruwa mai yawa a nufi asibiti.

Na san inda kuke samo sha'awar tsalle-tsallen nan. Waya tana nuna muku mutum ya faɗo daga saman dutse ya sauka ya wuce. Abin da ba ta nuna muku shi ne, masu irin wannan tsalle sukan taka hanyar da ƙafa tukuna su dudduba kowane dutse, an gyara musu wurin sauka, jikinsu a lulluɓe da kariya, ga ma'aikatan lafiya a tsaye a gefe, ga shekarun da suka yi suna koyo. Kai kuwa asibiti yana can cikin gari, motar da za ta kai ka ma sai an nemo. Da yawa daga munanan faɗuwar da na gani sun faru ne lokacin da wani yake riƙe da waya yana ɗauka, abokai suna kirari. In ka iso wurin da zuciyarka ba ta kwanta da shi ba, sauka ka taka shi da ƙafa, ka ga inda taya za ta bi da inda za ka fita. In har yanzu ba ta kwanta ba, tura kekenka ka wuce, ƙwararru ma suna yin haka. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi. Dutsen yana nan, baɗi ma za ka same shi, lokacin hannunka ya nuna.

Game da keken kansa, ba kowane mai kaurin taya ne aka ƙera don dutse ba. Akwai masu araha da aka cika wa sifirin gaba da baya don su ja ido, ga nauyi, ga birki mara kamawa. Araha ba ta ado. Gwamma keke mai sauƙin ƙira, shokozoba a gaba kaɗai, daidai tsayinka, mai birki na kirki. In gwanjo za ka saya, goge ƙurar jikinsa ka bi duk wurin walda da ido, musamman wuyan da ke riƙe kan keke, ka nemi tsaga ko da siririya ce. Keken alminiyam da ya tsage ba abin da mai walda na bakin titi zai yi masa da za ka amince wa ranka a kai. Kullum kafin fita, ɗaga tayar gaba ka girgiza ta ka tabbatar a ɗaure take, matsa birki ka tura keken gaba da baya ka ji ko wuya yana motsi, duba robar birki ko ta cinye. In za ka sa wa sarƙa mai, kada ɗigo ɗaya ya taɓa faifan birki, don yana kashe shi.

Mai faci ya saba bugun iska har taya ta yi tauri ƙam, tunda haka kwalta take so. A kan dutse taya mai tauri tsalle take yi, ba ta kama komai. Ga mai matsakaicin nauyi, tsakanin 25 da 35 a ma'aunin da masu faci ke amfani da shi ya wadatar. In kuma ka rage da yawa, bakin dutse zai matse tib da ƙarfen wili ya huda shi wuri biyu. Saya famfon hannu ka koyi jin tayarka da kanka. Tib na ajiya, kayan faci, 'yan makullan kwance noti, bandeji da ƙaramar fitila, duk ba su cika jaka ba.

Hular kwano kuwa ba na ciniki a kanta. Na ji masu cewa tana sa zafi, na ji masu cewa kusa za su je. Ƙashi yana ɗoruwa, fata tana tofowa, ƙwaƙwalwa kuwa in ta taɓu ba kullum take komawa yadda take ba. Abin da ke kare kai shi ne farin soson nan mai tauri da ke ciki, kuma aikinsa na bugu ɗaya ne: yana murƙushewa ya shanye ƙarfin, daga nan ya gama, ko da bayan hular bai nuna komai ba. Shi ya sa hular gwanjo take da haɗari, ba ka san abin da ta gani ba. Ta zauna daidai a goshi, ba a ƙeya ba, igiyar haɓa kuma a ɗaure. Ƙara da safar hannu da tabarau saboda rassa da ƙwari.

In abokinka ya faɗi, kada ka yi saurin ɗaga shi tsaye don a nuna ba komai. Bar shi a kwance ka yi masa magana. In yana kukan wuya ko baya, ko ya ce hannu ko ƙafa sun mutu masa, kada a lanƙwasa shi, a riƙe kansa yadda yake a nemo taimako. In kansa ya bugu, ko da ya miƙe yana dariya, hawa ya ƙare a ranar. Amai, jiri, maimaita tambaya ɗaya, ciwon kai mai ƙaruwa ko barcin da ya fi ƙarfinsa, kowanne daga ciki asibiti yake nufi a daren, ba a jira safiya. Ƙashin da ya haɗa wuya da kafaɗa yana cikin waɗanda suka fi karyewa a wannan wasa, saboda mai faɗuwa hannu yake miƙawa. Ina girmama masu ɗori, amma a fara ɗaukar hoton ƙashi a san irin karayar kafin kowa ya ja.

Yanzu maganar ruwa, kuma a nan nake so ka saurare ni sosai. Bayan awa biyu kana fama da tudu, jiki ya ɗau zafi, sai ka ɓullo ka ga ruwa shuɗi a kwance tsakanin duwatsu. Ba wanda zuciyarsa ba za ta raya masa ya faɗa ba. Ka sani, ɗaruruwan tafkunan da ke warwatse daga Rayfield zuwa Bukuru har Barikin Ladi ramukan haƙar kuza ne, waɗanda kamfanonin Turawa suka fara haƙawa tun farkon ƙarni na 20, aka tafi aka bar su ruwa ya cika. Ba su da gaɓa mai sauka a hankali irin ta kogi. Taku biyu ruwa iya gwiwa, na uku babu ƙasa. Gefensu a tsaye yake kuma yana zabgewa, ƙasansu laka ce mai riƙe ƙafa, ruwan can ciki kuma ya fi na sama sanyi nesa ba kusa ba. Jikin da ya gaji ya yi zafi, in ya faɗa ruwa mai sanyi, numfashi yakan sarƙe, tsoka ta ɗaure, ko da mutum ya iya iyo. Waɗannan tafkuna sun ci 'ya'yan mutane da yawa, kowane mazaunin Jos ya san gidan da aka yi wa ta'aziyya a kan haka. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Ruwan da ba shi da zurfi ma yana da nasa. A kwantaccen ruwa mai ciyayi ne dodon koɗin da ke ɗauke da tsargiya yake zama, ƙwayar cutar kuma ta fata take shiga, ba sai an sha ba. Sai bayan makonni mutum ya fara jin zazzaɓi, daga baya ya ga jini a fitsari, lokacin ya manta da ranar da ya tsoma ƙafa. Tana da magani a asibiti, a je da wuri. Dam ɗin Lamingo kuwa yana cikin madatsun da mutanen Jos suke shan ruwansu. Kada ka tura keke ciki ka wanke masa laka da baƙin mai, kada kuma ka bar ledar ruwa a bakinsa. Ruwan shanka daga gida za ka ɗauko, aƙalla rabin lita ga kowace awa, tare da dabino ko ayaba. Sanyin Filato yana ɓoye ƙishirwa, sai ƙafa ta fara rawa ido ya fara dishi-dishi mutum ya gane, kuma gajiyayyen mahayi shi ke yin kuskure a gangaren komawa gida.

A yankunan da aka yi haƙa akwai kuma ramukan da masu haƙar hannu suke kira loto, masu ƙaramin baki da zurfin rijiya. Da damina ciyawa takan rufe su ruf. Kada ka bar turba ka yanke ta cikin ciyawa don rage hanya, kada kuma ka zura hannu a kogon dutse ko ka zauna ba ka duba ba saboda maciji. In ya sari wani, ba a tsagawa, ba a tsotsa, ba a ɗaure tamau. A hana gaɓar motsi a ɗauke shi zuwa asibiti.

Sama ma abin karantawa ce. Daga Afrilu zuwa Oktoba hadarin Filato yakan haɗu cikin ɗan lokaci, sau da yawa bayan azahar, wani sa'in har da ƙanƙara. Saman falalen dutse, gindin itace guda a fili da bakin ruwa, su ne wuraren da ba a so tsawa ta samu mutum, kuma su ne wuraren da kuke yawo. Ƙara tana cin kimanin kilomita ɗaya a daƙiƙa uku. In ka ga walƙiya ka ƙirga, ka ji tsawar kafin ka kai talatin, to ta matso, sauka daga tudu ka nemi gini. Rafin da ka tsallaka da safe iya idon sawu yana iya zama abin da zai tafi da kai da kekenka bayan ruwa ɗaya da aka yi a can sama.

Kada ka tafi kai kaɗai. A Afirka ta Kudu akwai babban tseren keken dutse da ake kira Cape Epic, an fara shi a 2004, ana kwana takwas ana yi. Biyu-biyu ake shiga, kuma doka ce kada tazarar da ke tsakanin abokan tafiya ta wuce minti biyu. Cikinsu fa har da gwanaye na duniya. Ku gwamma ku zama uku ko fiye, don in ɗaya ya ji rauni wani ya zauna da shi, wani ya je neman taimako. A kowace mararraba a jira na baya, kuma a bar shi ya huta kafin a tashi. Faɗa wa na gida inda za ka da lokacin dawowa, domin a cikin kwari waya takan rasa sabis. Mun kuma san halin da ƙasarmu take ciki. Kafin ku shiga wurin da ba ku sani ba, ku tambayi mutanen yankin ko lafiya, in an ce kada a bi, kada a bi. Matambayi ba ya ɓata.

Hanyoyin nan da kuke jin daɗinsu ba don keke aka yi su ba. Ƙafafun Afizere da sauran mutanen yankin ne suka fitar da su, mata masu itace a ka, yara masu zuwa makaranta, manoma masu zuwa gonar acca da dankali, makiyaya da shanunsu. Ku baƙi ne a kansu. Tsohuwar da ke ɗauke da kaya ba za ta iya juyowa da sauri ba, kai za ka rage gudu tun daga nesa ka yi sallama. In ka haɗu da garke, sauka ka tsaya gefe ka gaisa da mai shanu, don saniyar da ta firgita tana iya ji maka ciwo ko ta afka gonar wani, rigimar da za ta biyo baya kuma ba kai za ka zauna da ita ba. Kada ka taka kunya. Akwai duwatsu da kurmin da mutanen wurin suke girmamawa bisa al'adarsu, in an ce ba a shiga, ka bari. Jan tayar baya don tayar da ƙura kuma yana yanka layi a turba, ruwan sama ya bi layin ya mai da shi kwazazzabo, masu hanyar su ne za su yi ta fama da shi. Mutanen ƙauyen da kuka saba gaisawa da su, kuna sayen ayaba da gasasshiyar masara a wurinsu, su ne za su fito da babur ranar da ɗayanku ya kasa tashi.

'Yata, ke ma wannan fili naki ne, kuma na lura 'yan mata sukan fi saurin ƙwarewa a wurare masu wuya, don sukan saurara kafin su gwada. Ki nemi yardar iyayenki, ki fita cikin ayarin da aka sani. Abin da zan ja miki kunne a kai shi ne tufafi. Dogon hijabi ko mayafi mai lilo yana iya shiga taya ko sarƙa ya fizgo wuya. Ki sa ƙaramin hijabi ki cusa bakinsa cikin riga, hular kwano a sama, riga mai kai wa cinya, wando mai yalwa amma a tsuke a idon sawu. Sutura ta cika, haɗari ya kau. Kai ma ɗana, bar jallabiya da silifa a gida.

Kada yawan kashedin nan ya sanyaya muku gwiwa. Daɗin abin yana ƙaruwa ne daidai da yadda hannu ya ƙware. Ranar da ka fara ratsa tarin duwatsun da a da kake turawa, ba gudu, ba fargaba, taya tana bin inda ka zaɓa mata, za ka ji wani farin ciki da mai sakin birki bai taɓa ɗanɗanawa ba. Hawan tudu ma da kuke ƙi yana da nasa: sa giya mai sauƙi tun kafin tudun ya kama, zauna a sirdi don tayar baya ta riƙe ƙasa, sunkuyo da ƙirji, ka bar numfashi ya daidaita. Mai haƙuri yakan dafa dutse har ya sha romonsa. In daga Kano ko Sakkwato ka zo, ba jikinka kwana ɗaya ko biyu ya saba da tudun, za ka ji numfashi yana yi maka kaɗan a farko.

Makonnin farko ka yi su a fili, a kan ƙasa mai ciyawa. Ja layi, ka zo da gudu kaɗan ka tsaya a kansa ba tare da taya ta ja ƙasa ba, kana ƙara gudun sannu a hankali. Daga nan ka koma ƙaramin gangare, sannan turbobin da ke kewaye da dam, kana maimaita hanya ɗaya har ka san duwatsunta. Shere ka bar shi sai damina ta ɗauke, wajen Nuwamba zuwa Janairu, lokacin ƙasa ta bushe ciyawa ta kwanta. Ku tashi bayan sallar asuba da rigar sanyi, tare da wanda ya san hanya, ku kuma yanke tun a gida cewa ƙarfe sha biyu na rana za ku juyo, ko kun kai ƙololuwa ko ba ku kai ba.